Gidan hayar kwanaki a Kano lokacin annoba: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawo a bakin masu gidajen da ake kamawa haya na 'yan kwanaki a Kano, da masu yi musu shara da wanki, da su kansu baƙin, tun daga korona ta 2020 har zuwa mashaƙon da ya biyo baya. Yawancin amsoshin sun shafi cututtukan da ake ɗauka ta numfashi. Duk inda hukumar lafiya ta fitar da sabon umarni a lokacin wata annoba, nata za a bi.

Wane irin gida ake nufi, kuma me ya raba shi da otal?

Gida ne ko fulat mai kayan ɗaki, da falo da kicin, wanda mutum zai kama na kwana biyu, ko mako, ko wata guda. Akwai su da yawa a Nasarawa, Bompai, Hotoro, Tarauni da titin gidan Zu. Masu kama su kuwa sanannu ne: dangin amarya da suka zo biki daga Kaduna ko Abuja, 'yan kasuwar Nijar da Chadi masu sari a Kantin Kwari, masu jinyar ɗan'uwa a Asibitin Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙashi na Dala, da ma'aikatan da aka turo aiki na ɗan lokaci.

Ta wani gefen ya fi otal sauƙin haɗari, don babu wurin cin abinci na gayya, babu cunkoso a wurin karɓar baƙi. Ta wani gefen kuma ya fi shi rauni. Otal yana da manaja da ma'aikatan da aka koya wa aiki. A nan komai yana wuyan mutum ɗaya, mai gidan, sai mai shara da sau da yawa ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya nuna mata yadda ake haɗa magani.

Ta wace hanya cuta ta fi yaɗuwa a cikin irin wannan gida?

Ta iska. Mai korona idan yana magana, ko tari, ko numfashi kawai, yana fitar da ƙananan ɗigo da ido ba ya gani, kuma suna iya daɗewa suna yawo a ɗakin da aka rufe. A farkon 2020 hankalin duniya ya fi karkata ga taɓa abubuwa, musamman bayan wani gwaji da ya nuna ƙwayar cutar tana iya kai awa 72 a jikin roba da ƙarfe, awa 24 a jikin kwali. A ɗakin bincike aka yi wannan gwajin. Daga baya ta tabbata cewa ɗauka ta hanyar taɓa tebur ko ƙofa ba ta kai ko kusa da ɗauka ta shaƙar iskar ɗaki ɗaya da mai cutar ba.

Abin da wannan ke nufi ga mai gida shi ne, wanda ya kashe dubbai a feshi ya bar tagogi a garƙame ya yi aikin baban giwa. A yi goge-goge, amma a san cewa babban aikin yana ga taga da yawan mutanen da ke falo. Duba amsar da ke kan esi da fanka, da wadda ke kan masu zuwa gaisuwa.

Ya dace a ci gaba da karɓar baƙi alhali ana annoba?

Ya danganta da abin da gwamnati ta ce. An tabbatar da mutum na farko mai korona a Kano ranar 11 ga Afrilu 2020. Kafin mako ya zagayo gwamnatin jiha ta sa dokar kulle, sannan ranar 27 ga watan Shugaba Buhari ya sanar da kulle jihar gaba ɗaya na mako biyu. An hana zirga-zirga tsakanin jihohi, jiragen cikin gida ba su dawo ba sai a watan Yuli, hawan sallah ma ba a yi shi ba a shekarar. A irin wannan yanayi, wanda ya karɓi baƙon da ya ɓullo ta ɓarauniyar hanya ya karya doka, ya kuma jefa maƙwabta cikin haɗari. Kuma kowa ya san hadisin da ya hana shiga garin da ake annoba, ya hana wanda ke ciki fita.

Amma ba kowane baƙo ne matafiyi ba. Akwai likita ko nas da ke gudun kai wa tsofaffin iyayensa cuta, akwai wanda kulle ya ritsa da shi a gari ba shi da wurin zuwa. Bai wa irin waɗannan mutane masauki taimako ne, muddin an bi ƙa'ida.

Awa nawa ya kamata gida ya zauna babu kowa tsakanin baƙo da baƙo?

A 2020 kamfanin Airbnb, mai haɗa masu irin waɗannan gidaje da baƙi ta intanet, ya tsara wa masu gidaje hanya biyu: ko dai a jira awa 24 bayan fitar baƙo sannan a yi tsafta ta musamman, ko kuma, ga wanda ba zai iya wannan tsaftar ba, a bar gidan awa 72 babu kowa. Yanzu da aka san iska ce babbar hanya, kwana ɗaya cikakke da tagogi a buɗe ya wadatar a yawancin lokuta. In matsi ya hana, kamar makon biki ko na sallah da wani ke fita da safe wani na shigowa da yamma, aƙalla a buɗe ko'ina na wasu sa'o'i kafin mai shara ta shiga.  Idan kuwa wanda ya fita ba shi da lafiya, duba amsar da ke kan ɗakin da mai cuta ya kwana.

Yaya ake haɗa ruwan bilic na goge wuri?

Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar shi ne kashi 0.1 cikin 100 na sinadarin kulorin. A fara duba jikin robar. Bilic ɗin da aka fi samu a kantunanmu, irin su Jik, yawanci kashi 3.5 ne, don haka awo ɗaya na bilic zai ɗauki awo 34 na ruwa. Ba mai sharar da za ta tsaya ƙirga 34, shi ya sa ya fi sauƙi a ce mata: ledar fiya wata biyu, cokalin cin abinci biyu na bilic. A bokiti mai lita 10 kuma kimanin mililita 300. A samo mata kofin roba guda a ja masa layi da maka, a rataye shi a jikin bokitin, an gama. Wurin da jini ko wani abu na jiki ya zuba yana son haɗi mai ƙarfi, kashi 0.5, wato awo ɗaya na bilic da awo shida na ruwa.

Abu uku ne ke lalata wannan aiki. Na farko, zuba bilic a kan datti: maiƙo da ƙura suna kashe ƙarfinsa, sai an fara wankewa da sabulu ko omo. Na biyu, gaggawar tsanewa. Wurin yana buƙatar ya zauna a jiƙe aƙalla minti ɗaya, ka ga kuwa a bazarar Kano tebur kan bushe kafin a kai ƙarshensa, sai an jiƙa tsumman sosai. Na uku, ajiye haɗin jiya. Zafi da hasken rana suna cinye kulorin, kullum sai sabo.

Kada a taɓa haɗa bilic da maganin wanke masai irin Harpic, ko da wani sinadari daban, da sunan ƙara masa ƙarfi. Haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu, kuma a banɗaki ake yin wannan kuskure, ɗakin da ya fi ko'ina ƙarancin iska.

Izal, Dettol da turaren wuta fa? Sannan feshin da wasu ke zuwa yi da injin goyo?

Ƙamshi ba shaida ba ne. Gida zai iya ɗaukar warin Izal tun daga bakin get, alhali ɗigo uku aka sa a bokiti cike da ruwa. In za a yi amfani da su, a bi ma'aunin da ke rubuce a jikin kwalbar. Turaren wuta kuwa ado ne da karamci, ba ya kashe ƙwayar cuta, kuma hayaƙinsa yana tayar wa mai asma ciwonsa.

Feshi shi ne abin da ya fi burge baƙi, shi ya kuma fi ƙarancin amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili a 2020 ta ce ba ta goyon bayan fesa magani a cikin ɗakuna a madadin gogewa da tsumma, kuma kada a fesa wa mutum a jiki ko ta wace hanya, har da rumfunan feshin nan da aka riƙa kafawa a ƙofar ma'aikatu. Feshin sauro da kyankyasai aikinsa daban ne, a ci gaba da shi a lokacinsa.

Waɗanne wurare ne aka fi mantawa da su wajen gogewa?

Buta ce ta farko. Kowa a gidan yana riƙe ta sau biyar ko fiye a rana, amma da wuya ka ga an wanke mariƙinta. Sai kan famfo, abin jan ruwan masai, sakata, makunnin fitila da na fanka, hannun firji, tulun gas da maɓallan murhu, makullai, da igiyar labule. Rimot da sauran kayan lantarki ba a sa musu bilic, a goge su da tsumma mai ɗan danshin sifirit mai ƙarfin kashi 70. Wasu suna naɗe rimot a leda mai shara-shara su canja wa kowane baƙo, dabara ce mai kyau. Kwanuka da cokula a sake wanke su duka, ko da baƙon ya ce ya wanke. Carbi da aka bari a kan darduma a ɗauke shi, kowa ya zo da nasa.

Esi da fanka suna taimakawa ko suna ƙara ɓata lamarin? Ga zafi, ga ƙura, ga sauro.

Esin bango da ke yawancin gidajen nan ba ya shigo da iska daga waje. Wadda ke ɗakin yake ja, ya sanyaya, ya dawo da ita. Idan iyali ɗaya ne da dama tare suke kwana tare suke tashi, ba laifi. Matsalar tana farawa ne in wani na waje ya shigo, ko wani a cikinsu ya fara tari. A nan sai a buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna, ko taga da ƙofa, don iska ta ratsa. Fankar tsaye a ajiye ta kusa da taga tana kallon waje, ta riƙa fitar da iskar ɗakin. Fankar sama a ɗakin da yake rufe juya iskar kawai take yi daga wannan zuwa wancan.

Na san abin da za a ce: a watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, wa zai kashe esi? Ba a ce a kashe shi wuni guda ba. A buɗe ko'ina bayan asuba, da bayan la'asar, da duk lokacin da aka yi baƙi suka tafi. A hunturu kuma ƙura ce ke sa a toshe kowace kafa, amma ko ɗan buɗi kaɗan a saman taga ya fi babu. Duk wannan ba zai yiwu ba in ragar taga a yage take, don ba baƙon da zai yarda sauro ya cinye shi saboda gudun korona. Gyaran raga shi ne kuɗin da na fi ganin amfaninsa a wannan harka. Matatar esi kuma a ciro ta a wanke da ruwan sabulu, mai wankin yana sanye da takunkumi.

Ina ya kamata a ajiye janareta?

A waje, nesa da taga da ƙofa, bakin hayaƙinsa yana kallon nesa da ginin. Wannan ya ƙara muhimmanci tunda mun ce a buɗe tagogi. Gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da launi ba ta da wari, tana farawa da ciwon kai da jiri, tana kashe mutum a cikin barci. Kada tsoron ɓarawo ya sa a shigar da shi kicin, ko ƙarƙashin bene, ko lungun da ke bayan ɗakin kwana. Haka kaskon gawayi a lokacin sanyi, a rubuta wa baƙi cewa ba a kwana da shi a ɗaki.

Zanin gado, tawul, darduma da kafet, yaya za a yi da su?

Kada a kakkaɓe. A naɗe zanin gado da rigar filo a hankali daga gefe zuwa tsakiya, a sa a leda ko buhu tun a cikin ɗakin. Mai injin wanki ya sa ruwan zafi digiri 60 ko fiye. Wanda ke wanki da hannu ya wanke da omo, farare kuma ya jiƙa su minti 30 a ruwan bilic mai sauƙi, cokali ɗaya a lita ɗaya, ya ɗauraye, ya shanya a rana su bushe ƙarau, a bi da guga. Idan mai wanki da guga ake kai wa, a gaya masa in kayan mara lafiya ne, haƙƙinsa ne ya sani.

Darduma ita ce wurin da goshi da hanci ke sauka, don haka a tanadi da yawa a riƙa canjawa kamar tawul. Katifa a sa mata riga mai hana ruwa shiga. Filallukan ado, manyan labule masu nauyi da kafet mai gashi, a lokacin annoba gara a tattara su a kai sito. Falon zai rage kyau a hoto, amma tayil ana goge shi a minti goma.

Wace kariya mai shara da maigadi suke buƙata?

Su ne suka fi kowa shiga haɗari a wannan sana'a. Mai gida yana iya zama a Abuja yana karɓar alat, ita ce ke shiga ɗakin da wani ya kwana yana tari. A ba ta takunkumi mai kyau da za ta riƙa canjawa, safar hannu ta roba mai kauri, rigar aiki da za ta cire kafin ta tafi gida, da takalmi rufaffe. Da ta shiga, taga za ta fara buɗewa. Ta fara da wuri mai tsafta ta ƙare da banɗaki, tsumman banɗaki kuma launinsa daban. In ta cire safar hannu ta wanke hannu da sabulu, aƙalla daƙiƙa 20.

Sai maganar da masu gidaje ba su cika son ji ba. Wadda ake biya kuɗin yini ba za ta ce ba ta da lafiya ba, don ranar da ba ta zo ba yaranta ba su ci ba. A gaya mata tun farko, "Baba, duk ranar da kika ji zazzaɓi ko mura ki yi zamanki, kuɗinki yana nan." A kuma cika alƙawarin. Idan dattijuwa ce, ko tana da ciwon suga ko hawan jini, kada a tura ta ɗakin da mara lafiya ya kwana. Allurar riga-kafin korona ta iso Najeriya a watan Maris 2021, kyauta aka riƙa yin ta. A kowace annoba, in riga-kafi ya samu, a ba ma'aikata lokaci da kuɗin mota su je.

Yaya za a karɓi baƙo ba tare da ya ji an wulaƙanta shi ba?

A gama komai ta waya kafin ya iso: kuɗi ta tiransifa, hoton katin shaida da dokokin gida ta WhatsApp. A bakin ƙofa a ajiye bokiti mai famfo da sabulu, ko man tsaftace hannu mai sifirit aƙalla kashi 60. Maganar musabaha ce mai wuya, don a Kano ƙin miƙa hannu ba ƙaramin abu ba ne. Maigadi ya riga baƙon magana, hannunsa a ƙirji: "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. A yi mana afuwa, kwanakin nan ba ma gaisawa da hannu. Ga makulli nan a kan tebur." Wanda aka tarba haka ba ya jin haushi.

Na'urar auna zafin goshi ba ta da laifi, amma kada a dogara da ita. Mutum na iya yaɗa korona kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji komai, wani ma ba zai taɓa jin komai ba. Wanda kuma ya sauko daga adaidaita da tsakar rana goshinsa zai yi zafi ko lafiyarsa ƙalau. A rubuta sunan kowa da zai kwana da lambar wayarsa, don in ta kama a nemi waɗanda suka yi hulɗa da mai cuta. A adana littafin, ba na nuna wa kowa ba ne.

Mutum huɗu suka kama gida, da yamma na tarar da talatin a falo. Me zan yi?

Wannan ita ce babbar matsalar gidajen Kano, kuma ba mugunta ke kawo ta ba. Hajiya ta zo daga Legas, dole 'yan'uwa su zo sannu da zuwa. Ƙawayen amarya suna neman wurin lalle da kwalliya. Sai a rufe ƙofa, a kunna esi, a yi ta hira da shewa har dare. Duk goge-gogen da aka yi da safe ba zai hana komai ba in mutum ɗaya a cikinsu yana ɗauke da cuta.

Hana baƙi gaba ɗaya ba ya aiki, ɓoyewa kawai za a koma yi. Abin da ke aiki shi ne a faɗi adadi tun kafin a karɓi kuɗi, a rubuta shi, sannan a ba su mafita: tabarmi da kujeru a baranda ko ƙarƙashin bishiya a harabar gida. "Hajiya, in 'yan gaisuwa sun zo, ga shimfiɗa can an yi musu a waje, ya fi iska." Taron kamu ko walima kuwa, in gwamnati ta taƙaita taro, ba a yi a gidanka ba, don kai za a fara nema. Dillalin da ya kawo baƙin shi ma ya san dokar, kada ya yi musu alƙawarin da ba ka yi ba.

Baƙo ya kwanta rashin lafiya a gidana. In sallame shi?

A'a. Wanda aka kora zai hau adaidaita, ya shiga tasha, ya zauna a mota da mutum goma sha. Ya zauna a ɗaki guda mai banɗakinsa, taga a buɗe, mutum ɗaya ne zai riƙa kula da shi, su biyun da takunkumi. Abinci a ajiye a bakin ƙofa, kwanonsa da butarsa daban. Mai shara ta daina shiga. A kira layin kyauta na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa (NCDC), 6232, ko jami'an lafiya na jiha, su za su faɗi inda ake gwaji da kwanakin killacewa. A farkon korona kwana 14 ake killace wanda ya yi hulɗa da mai cutar, daga baya aka rage.

Kada kowa ya yanke hukunci da ka. A Kano zazzaɓi ya fi zama na cizon sauro ko taifot, kuma su ma suna kisa in an yi sakaci, don haka a yi gwajin maleriya. Alamomin da ba a jira da su: numfashi da ƙyar, ciwon ƙirji, ruɗewa, ko kasa shan ruwa. A kai asibiti nan take, a sanar da su kafin a isa, gilasan mota a sauke. Sirrin mara lafiya kuma amana ne. Ba a sa sunansa a zauren unguwa, amma waɗanda suka yi hulɗa da shi, har da maigadi, a gaya musu su kula da kansu.

Yaya ake tsaftace ɗakin da mai cuta ya kwana?

A buɗe tagogi, a ja ƙofa, a bar shi awa 24 kafin kowa ya shiga. Sannan a bi tsarin da ke amsar haɗa bilic da ta zanin gado, a wanke labule, a fitar da katifa da filo rana. Tishu, takunkumi da sauran shara a ƙulle a leda biyu, kada a zuba su a buɗe inda yara masu tsince-tsince za su kai hannu.

Wanda ya fasa zuwa saboda rashin lafiya, a mayar masa da kuɗinsa?

A ganina a mayar, ko a ɗaga masa zuwa wani lokaci. Mutumin da ya biya kuɗin kwana biyar, ya san ko sisi ba za ta dawo ba, in ya tashi da zazzaɓi farasitamol zai haɗiya ya kamo hanya. Tsauraran sharuɗɗa ba sa hana mara lafiya zuwa, bakinsa kawai suke rufewa. A rubuta a fili tun ranar karɓar kafin alƙalami: wanda ya fasa don ciwo, ko don an rufe hanya, ga abin da za a mayar masa. A kuma rubuta yadda za a yi in killacewa ta sa baƙo ya zarce kwanakinsa, nawa zai biya, wa zai sanar da baƙon da ke jiran shiga. Yarjejeniyar da aka yi kowa na da lafiya ta fi wadda za a yi ta bayan ƙofa da mai tari.

Idan annobar ba korona ba ce, mashaƙo ne ko amai da gudawa?

Mashaƙon da ya ɓarke daga ƙarshen 2022 ya fi yi wa Kano ɓarna fiye da kowace jiha, kuma yaran da ba su cika riga-kafi ba ya fi kamawa. Yana bin tari da atishawa da haɗa kofi ko cokali, don haka yawancin abin da aka faɗa a sama ya shafe shi. Alamarsa ciwon maƙogwaro, zazzaɓi, kumburin wuya da wani farin abu mai kauri a maƙoshi. Ba a jinyarsa a gida, asibiti ake kaiwa a ranar, waɗanda suka zauna da yaron ma ana ba su magani.

Amai da gudawa hanyarsa daban, ruwa da abinci ne, ya fi yawa da damina. A nan tanki ne abin dubawa: a rufe yake, yaushe aka wanke shi, kuma rijiyar burtsatsen tana nesa da shadda? In daga 'yan garuwa ake saye, a tanadar wa baƙi ruwan sha daban ko abin tafasawa. Gidan da ya daɗe babu kowa, kamar bayan kulle, a zubar da ruwan tankin a wanke, a saki kowane famfo da shawa su zuba na wasu mintuna. A ajiye ƙullin gishiri da sukari na asibiti a akwatin taimakon gaggawa. Ɓera kuma, mai kawo zazzaɓin Lassa, ragowar abincin baƙi ke kiransa, a kwashe shi ranar da suka fita.

Ni baƙo ne. Me zan tambaya kafin in biya, me zan duba in na shiga?

Ka tambayi yaushe na gabanka ya fita, ko tagogi suna buɗuwa kuma suna da raga, ina janareta yake, ko akwai wasu baƙi da za ku haɗa ƙofa ko kicin, da abin da zai faru da kuɗinka in ka kwanta ciwo. Mai gidan da ya amsa waɗannan kai tsaye ya fi wanda ya turo maka bidiyon feshi.

In ka shiga, ka buɗe ko'ina kafin ka kunna esi. Ka ɗaga zanin gado ka ga katifar, ka duba mariƙin buta da ƙasan rimot, a nan ake gane ko an yi aiki. Ka taho da dardumarka, da tawul, da magungunan da kake sha na kullum waɗanda za su ishe ka fiye da kwanakin da ka yi niyya. Idan da tsoho ko mai ciwon suga a tafiyar, a ba shi ɗakin da ya fi iska, wanda ya fi nisa da falo.